Kundin aiki: kai mazauna zangon motocin-gida kallon badujalar soja a San Antonio

20 ga Oktoba

Yau aka buɗe wannan kundi. Aikin da kwamitin shirye-shirye na zango ya ɗauka shi ne ya kai duk mai so kallon wasan ƙarshen shekara na 'yan badujalar soja a watan Disamba, ya dawo da su a daren, ya kuma tabbatar ba wanda ya tarar da bututun ruwan motarsa ya fashe saboda sanyi.

Ga wanda bai san irin wurin ba, zangon nan fili ne a gefen birnin San Antonio na jihar Teksas a Amurka, an yayyanka shi gurbi-gurbi, kowane gurbi da turken wutar lantarki, da famfo, da bakin magudanar ƙazanta. Masu sauka a nan da motocin-gida suke zuwa, wato mota ko tirela mai gado da kicin da banɗaki a cikinta. Yawancinsu dattawa ne da suka yi ritaya, daga jihohin arewa irin su Minnesota, Iowa da Wisconsin, da kuma Kanada. Suna gangarowa kudu tun daga Oktoba, su koma a Maris ko Afrilu. Cin rani ne sosai, illa dai su ƙanƙara suke gudu, ba aiki suka zo nema ba.

San Antonio garin soja ne. A 2010 aka haɗe sansanonin Fort Sam Houston, Lackland da Randolph ƙarƙashin shugabanci ɗaya. Rundunar sama tana da ƙungiyar makaɗanta a Lackland, mai suna Band of the West, rundunar ƙasa kuma tana da ƙungiya ta 323 a Fort Sam Houston. Makaɗan sojoji ne masu kaki da albashi, kuma kallon wasanninsu kyauta ne, domin kuɗin haraji ne ke ɗaukar nauyinsu. An manna takardar rubuta suna a ɗakin taro. Zuwa yamma mutum 23 sun rubuta.

28 ga Oktoba

Suna ya kai 61. Tambayar da aka yini a kanta ita ce wane wasa za a je, wanda ake yi a cikin sansani ko wanda ake yi a zauren cikin gari.

Shiga sansani yana da sharuɗɗa masu yawa. Wanda ba shi da katin soja sai ya bi ta ofishin baƙi na bakin ƙofa, ya nuna shaida, a bincika sunansa, sannan a ba shi takardar shiga. Tun daga 7 ga Mayu 2025 lasin tuƙi na yau da kullum ba ya isa shiga wuraren gwamnatin tarayya irin wannan, sai mai alamar REAL ID, wanda a yawancin jihohi tauraro ne a saman katin, ko kuma fasfo. Mota tana buƙatar takardun rajista da na inshora masu aiki. Bindiga ba ta shiga, ko da jiha ta yarje wa mutum riƙe ta, kuma masu yawo da motocin-gida da yawa suna ajiye ƙaramar bindiga a aljihun mota har su manta da ita. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa bincikensa ya fi ɗaukar lokaci. A jerinmu akwai 'yan Kanada 9, masu katin tsohon soja 14 ne kawai. Wani lokaci akan sassauta ƙofa don taron jama'a, amma sassaucin na iya tashi rana ɗaya idan aka ɗaga matakin tsaro. An tsayar da magana a kan wasan cikin gari.

Abu na biyu da aka rubuta yau: duk kuɗin da za a ba kamfanin mota a matsayin kafin alƙalami dole ya zama mai dawowa. Wasan soja da kasafin kuɗin gwamnati yake rataye. A 2025, da aka rufe ayyukan gwamnatin tarayya daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba, kwana 43, an soke wasannin makaɗan soja da dama da aka riga aka raba tikitinsu. Ba wanda ke biyan diyyar wasan kyauta, don haka asarar motar haya a kanmu za ta faɗa.

5 ga Nuwamba

An buɗe rabon tikiti ta intanet da ƙarfe goma na safe. Kyauta ne, amma sai da tikiti, kuma mutum ɗaya guda huɗu kaɗai yake iya ɗauka. An tara mutum 16 a ɗakin taro, kowa da wayarsa ko kwamfutarsa, an riga an buɗe wa kowa rajista tun jiya. Intanet ɗin zango ba ya ɗaukar mutum 16 a lokaci ɗaya, musamman da safe da kowa yake kai, shi ya sa rabinsu suka koma kan layin wayarsu. An samu tikiti 60 cikin minti 25. Mutum biyu sun makale domin saƙon tabbatarwa ya faɗa akwatin tarkacen imel ɗinsu.

Akwai ƙa'idar da ta kamata kowa ya haddace. Tikitin ba ya ɗauke da lambar kujera, wanda ya riga shi ke zaɓa. Kuma kamar yadda aka saba a wasannin makaɗan soja, saura minti 15 a fara ake sakin duk kujerar da babu kowa a kai ga masu jira a waje marasa tikiti. Dalili a fili yake: abin da aka samu kyauta mutane sukan ɗauka su ƙi zuwa, masu shirya taro kuma ba sa son makaɗa su fuskanci kujeru wayam. Wasa ƙarfe 7 na dare ne, ana buɗe ƙofa ƙarfe 6, ke nan ƙarfe 6:45 tikitinmu ya zama takardar banza. Duk lissafin tafiya daga wannan lokacin za a yi shi, a dawo da baya.

An buga dukkan tikitin a takarda an zuba a ambulan ɗaya. Dattijo mai neman tikiti a cikin waya a bakin ƙofa, ga sanyi ga layi a bayansa, yakan ci minti biyu ko uku.

12 ga Nuwamba

Maganar abin hawa. Da farko shawara ita ce kowa ya ɗauki maƙwabtansa a motarsa. Sai aka fita da tef aka auna motocin da ke zango.

Masu manyan tireloli da a-kori-kura suke ja, irin su Ford F-350 mai taya huɗu a baya. Irin wannan, mai ƙofa huɗu da dogon bodi, tsawonta kusan ƙafa 22 ne, faɗinta a wurin tayoyin baya ƙafa 8, tsayinta kuma yana kusa da ƙafa 6 da inci 9 tun kafin a ƙirga eriya ko fitilun saman rufi. Gurbin ajiye mota na yau da kullum ƙafa 18 ne a tsawo, 9 a faɗi. Garejin hawa-hawa na cikin gari kuwa da yawansu rufinsu tsakanin ƙafa 6 da inci 8 ne zuwa ƙafa 7. Ke nan wasu ba za su shiga ba sam, waɗanda suka shiga kuma gindinsu zai fito kan hanya. Ƙananan motoci, irin waɗanda masu manyan motocin-gida suke jawowa a baya, guda 7 kawai aka samu, kuma huɗu daga cikin masu su sun ce ba sa tuƙin dare.

An duba hayar ƙananan bas masu kujera 15. Amfaninsu shi ne lasin yau da kullum ya isa, domin sai mota ta kai mutum 16 har da direba ake neman lasin 'yan kasuwa mai izinin fasinja. Amma guda huɗu za a buƙata, da direbobi huɗu daga cikinmu, kuma kujerun baya sai an sunkuya an ratsa, abin da mai ciwon gwiwa ko mai sabon ƙugu ba zai iya ba. An bar wannan. Babbar bas mai kujera 56 aka kama, ta awa shida, za a raba kuɗin a kan masu hawa. An nemi mai na'urar ɗaga keken guragu. Irin wannan ba kowace bas ke da ita ba, sai an faɗa tun da wuri, kuma kowane keke ana naɗe masa wasu kujeru, don haka kujerun da suka rage mana 50 ne.

19 ga Nuwamba

An gwada hanya sau biyu da ƙaramar mota. Da tsakar rana minti 35. Da aka tashi ƙarfe 4:45 na yamma, minti 65, saboda masu tashi daga aiki da kuma aikin faɗaɗa titin zobe na 1604. Bayan bikin godiya na ƙarshen Nuwamba ake kunna fitilun bakin kogin da ya ratsa tsakiyar birni, kuma daga nan har farkon Janairu cunkoson yamma yakan ƙaru, don haka an ƙara minti 10 a kan lissafi.

Ga yadda jadawalin ya tsaya. Hawa bas daga ƙarfe 4:05, domin mutum 50 masu shekaru ba sa hawa ƙasa da minti 20. Tashi 4:25. Isa wajen 5:40. Sauka minti 15. A Disamba rana tana faɗuwa a nan wajen 5:35, ke nan cikin duhu za a sauka, an sa mutum biyu su riƙe tocila a bakin matakala. Bas ba ta da wurin tsayawa a ƙofar zaure, akwai dai gurbin sauke fasinja a titin gefe, tafiyar kamar mita 120 zuwa ƙofa, da gangare ɗan kaɗan. A nan za ta dawo ta ɗauke mu, kuma an karɓi lambar direba a rubuce.

26 ga Nuwamba

Jerin ƙarshe: mutum 52. Arba'in da takwas a bas, huɗu a ƙaramar mota ɗaya wadda za ta zama ta ko-ta-kwana idan wani ya buƙaci komawa da wuri. Tikiti 8 da suka yi saura an mayar da su ta intanet don wasu su samu.

An kira zauren kan masu buƙata ta musamman. Keken guragu ɗaya, masu abin dogarawa mai ƙafa huɗu biyar. Dokar naƙasassu ta Amurka ta wajabta wa irin waɗannan zauruka su tanadi gurbin keke da kujerar mai rakiya a gefensa, da kuma na'urorin taimaka wa ji. Na'urorin a teburin shiga ake karɓa, akan ajiye katin shaida a madadinsu, kuma ba su da yawa. Mutum 11 suka ce suna so. Mai abin ji na kunne ya duba ko nasa yana da tsarin karɓar sauti kai tsaye daga irin wannan na'ura, in yana da shi ya nemi mai igiyar ratayawa a wuya maimakon mai toshe kunne.

Ana bincika jaka a ƙofa. 'Yar wuƙar aljihu da mazan zango suke yawo da ita kullum a bar ta a gida, domin in an karɓe ta ba mai ajiye wa kowa. Ba a shiga da abinci. Tunda daga 4:05 har kusan 10 na dare za a yi a waje, masu ciwon sukari su ci abinci ƙarfe 3, su riƙe alewa a aljihu, za a kuma raba burodi da ruwa a bas.

1 ga Disamba

An yi zaman bayani a ɗakin taro kan abin da za a gani, domin kusan rabin masu tafiya ba su taɓa zuwa irin wannan wasa ba.

Wanda ya ji an ce badujalar soja zai zaci fareti. Wannan a zaune ake yin sa, a kan dandamali, cikin kakin biki. A gaba masu sarewa da kilarinet, a tsakiya masu saksofon da ƙahonni, a baya masu tirombon da tuba, can ƙarshe masu ganguna da ƙararrawa. Akwai mawaƙa su ma sojoji. Madugun kiɗa hafsa ne, sauran kuwa ƙananan sojoji ne da sajan-sajan, da yawansu sun yi digiri a kiɗa kafin su shiga, kuma sai da suka ci gwajin busa ko kiɗa aka ɗauke su. Wasa yakan ɗauki awa ɗaya da rabi, wani lokaci babu hutu a tsakiya, don haka a zaga kafin a zauna.

Da taken ƙasa ake farawa. Kowa ya miƙe, maza su cire hula, hannun dama a ƙirji. Tun 2008 doka ta ba tsofaffin sojoji damar sara wa tuta lokacin taken ko da ba sa cikin kaki. Baƙo ɗan wata ƙasa ya tsaya shiru kawai, ya wadatar. Daga nan sai waƙoƙin Kirsimeti, na coci da na gargajiya, akan sa na bikin Hanuka na Yahudawa, akan kuma ware inda za a ce jama'a su rera tare.

Wurin da ya fi taɓa mutanen zango shi ne inda ake jero taken rundunoni ɗaya bayan ɗaya. Rundunoni shida ne yanzu: ta ƙasa, ta ruwa, ta sama, sojan kundumbala na ruwa, masu gadin gaɓar teku, da rundunar sararin samaniya da aka kafa a Disamba 2019, wadda ta samu takenta a 2022. Idan aka zo kan taken rundunar da mutum ya yi wa aiki sai ya miƙe, zaure ya tafa masa. Sau da yawa mai gabatarwa yakan ce matan aure da iyaye da 'ya'yan soja su ma su miƙe. Kowane take bai fi daƙiƙa 30 zuwa 40 ba a cikin jerin, kuma dattijon da sai ya dafa zai tashi yana iya miƙewa bayan an wuce nasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin mutumin da ya yi shekara ashirin a kaki. Saboda haka tsofaffin sojojinmu za su zauna a bakin layi, kowa da wanda zai kama masa hannu, kuma su matso bakin kujera tun da aka sanar da jerin.

Akan rufe da macin John Philip Sousa, wanda ya jagoranci makaɗan sojan kundumbala daga 1880 zuwa 1892. Macin nasa mai suna The Stars and Stripes Forever ranar Kirsimetin 1896 ya rubuta shi, kuma a 1987 majalisa ta mai da shi macin ƙasa. Kusa da ƙarshensa masu ƙaramar sarewa sukan fito gaba, sai masu ƙahonni su biyo su. Mai abin ji a kunne ya rage ƙararsa kafin nan.

6 ga Disamba

Hasashen yanayi ya canza. Iskar arewa za ta shigo da yammacin ranar wasa, kuma ana sa ran daren zai sauka zuwa digiri 27 na Farenhait, kusan 3 ƙasa da sifili a Selshiyos. A Disamba San Antonio takan yi kusan digiri 18 na Selshiyos da rana, 6 da dare, shi ya sa baƙi suke sakankancewa. Amma babu dutsen da ya tare tsakanin Kanada da Teksas, iskar tana gangarowa kai tsaye, zafi ya faɗi cikin awa biyu ko uku. An gani a Fabrairu 2021, lokacin da wutar jihar ta ɗauke kwanaki, an kuma gani gab da Kirsimetin 2022. Motoci 29 za a bari babu kowa na awa shida, daidai lokacin da sanyin zai sauka. Daga yau wannan ne babban aikin kwamiti.

Motar-gida ba ta da kaurin bango, bututunta na roba ne, wasu suna bi ta ƙarƙashin daɓe. Abin da ke fara daskarewa shi ne abin da ke waje: kan famfo, na'urar rage ƙarfin ruwa, matatar ruwa da tiyo. Hanya mafi sauƙi ita ce a cika tankin ruwan sha na cikin mota, a rufe famfo, a kwance tiyo a zazzage ruwansa, a shigar da matata da na'urar rage ƙarfi ciki. Kafin a fita a kashe famfon tura ruwa, domin in wani haɗi ya ɓalle ba zai yi ta turo ruwa har tanki ya ƙare a kan daɓe ba. Mai tiyo mai ɗumama kansa ya tabbatar ma'aunin zafinsa yana waje cikin iska. In aka cusa shi cikin akwatin mota mai ɗumi, zai ɗauka babu sanyi ya ƙi kunnuwa.

Dabarar barin famfo yana ɗiga, wadda take aiki a gidan ƙasa, a nan ɓarna take yi. In bakin tankin ruwan wanke-wanke a rufe yake, tankin galan 30 ko 40 zai cika ya taso ta wurin wanka. In a buɗe yake, ɗigon yana daskarewa a cikin tiyon magudana kaɗan-kaɗan har ya toshe shi, kuma tiyon da ya daskare taɓa shi kaɗan yake tsagewa. A zubar da tankunan biyu, na ruwan wanke-wanke da na banɗaki, da rana, a rufe bakinsu, a ɗaga tiyon ya tsane.

Sai maganar ɗumi, inda aka fi yin kuskure. Mutane sun fi son hitar lantarki don tana tsimin gas. Hita ɗaya mai wat 1,500 tana jan amfiya 12.5. Motar da ke kan turke mai amfiya 30 wat 3,600 kaɗai gare ta, kuma abin da zai daɗe a kunne bai kamata ya wuce amfiya 24 ba. Hita biyu sun riga sun kai 25, ga firji, ga cajar batir, ga tukunyar ruwan zafi mai jan kusan 12 in ta tashi. Wuta za ta yanke, babu kuma mai mayar da ita. Ban da haka hitar lantarki ɗaki kawai take ɗumamawa, tana kuma hana murhun gas tashi, alhali a motoci da yawa murhun ne kaɗai ke hura iska mai zafi zuwa ƙarƙashin daɓe inda tankuna da bututu suke. Na'urar sanyaya ɗaki mai juyawa ta ba da zafi ita ma ba ta da ƙarfi in an sauka ƙasa da digiri 40 na Farenhait. Don haka umarni ɗaya ne: a kashe hitocin lantarki a zare su daga soket, a kunna murhun gas a kan digiri 55 na Farenhait, mai kare ko kyanwa a ciki ya sa 60, a bubbuɗe ƙofofin kabad na ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Gas zai isa. Galan ɗaya yana ba da kusan BTU 91,500 (BTU ma'aunin yawan zafi ne), murhu mai BTU 30,000 yana cin sulusin galan a awa in bai huta ba. Awa shida ke nan galan biyu a mafi tsanani. Tukunyar gas mai laba 30 galan 7 take ɗauka.

9 ga Disamba

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yau aka zaga motocin 29 ɗaya-ɗaya tare da masu su.

Tukunyar gas shida sun yi ƙasa da kwata. Ana ganewa ta zuba ruwan ɗumi a jikin tukunya a shafa, inda ƙarfe ya yi sanyi nan gas ya tsaya. Ɗaya an ƙi cika ta a wurin sayarwa domin ta wuce shekara 12 daga ranar da aka buga a wuyanta, sai an sake gwada ta, an ba mai ita aro. A motoci huɗu tukunya ta biyu a rufe take, ke nan na'urar da ke juyawa da kanta in ta farko ta ƙare ba za ta samu komai ba. An buɗe su a hankali, domin buɗewa da sauri yana sa abin tsaron da ke cikin tiyon gas ya taƙaita gudunsa.

Murhu biyu sun ƙi kamawa. Ɗaya fanka yana juyawa amma babu wuta. Murhun nan da batir mai bolt 12 yake aiki, kuma akwai wani ɗan makunni da iskar fanka ke turawa kafin a saki gas. Batir ya yi rauni, fanka bai kai gudun da zai tura shi ba. An goge kan batir da ya yi tsatsa, an ƙara masa ruwa, ya tashi. Ɗayan gidan zanzaro ne ya toshe bututun hayaƙinsa. Na'urar jin ƙamshin gas da ta hayaƙi mai kisa an duba kwanan watansu, uku sun wuce wa'adi, an sauya. An ce kowa ya naɗe rumfar gefen motarsa, domin iskar arewa tana karya sandunanta.

Mutum biyu da ba za su je ba sun karɓi gadi. Za su zaga ƙarfe 7 da ƙarfe 9, su saurari ƙarar murhu, su duba turakun wuta. An ba su makullan motoci 8 masu dabbobi a ciki.

11 ga Disamba, dare

Bas ta tashi 4:31, ta isa 5:50. Na'urar ɗaga keke ta ci minti 7 a kowane hawa da sauka, ba a sa wannan a lissafi ba. An shiga zaure 6:12, an samu layi huɗu a jere a ɓangaren hagu. Na'urar ji 8 aka samu cikin 11 da ake so. Ƙarfe 6:45 daidai aka buɗe wa masu jira, kafin 6:55 babu kujera ko ɗaya.

Wasa ya ɗauki minti 95 babu hutu. Tsarin zama a bakin layi ya yi aiki, tsofaffin sojojinmu duka sun miƙe a kan takensu, mai keke kuma ya ɗaga hannu. An fito an tarar da iska ta juya. Bas ta makara minti 18 domin an rufe titin gefe, mutane suka tsaya a waje, wasu da 'yar rigar da suka fito da ita da rana. An isa zango 10:10, bayan lokacin hana ƙara a zango ya shiga, an sa direba ya kashe inji a bakin ƙofa.

12 ga Disamba

Ma'aunin ɗakin taro ya nuna digiri 26 na Farenhait da asuba. Motoci 27 lafiya. Ɗaya tiyonta mai ɗumama kai ya daskare, domin soket ɗin turke mai yanke wuta in ya ji danshi ya yanke tun da yamma, ba wanda ya lura tunda sauran wutar motar tana nan. Ya narke da hantsi, bai fashe ba. Ɗayar kuma na'urar rage ƙarfin ruwa aka manta a kan famfo, ta tsage. An ƙara a takardar masu gadi cewa su riƙa duba 'yar fitilar tiyo, ba ƙarar murhu kaɗai ba.

17 ga Disamba

An rufe lissafin bas, an mayar wa mutum uku rarar kuɗinsu. An rubuta wa ƙungiyar makaɗan takardar godiya, mutum 49 sun sa hannu, za a kai gidan waya gobe.

Abin da aka gyara a jadawali don tafiya ta gaba: a ƙara minti 15 saboda na'urar ɗaga keke, a tura mutum ɗaya a ƙaramar mota ya riga bas ya karɓi na'urorin ji, kuma kada kowa ya fita daga harabar zaure sai direba ya kira ya ce ya tsaya a gurbinsa. Mutum 12 da suka iso zango bayan an rufe jeri sun tambayi ko akwai wani wasa kafin Maris. An sa mutum biyu su riƙa duba sanarwar ƙungiyoyin makaɗan biyu kowane mako, a fi ba da ƙarfi ga wasan rana, wanda zai sa a dawo kafin sanyi ya sauka. Tukunyar gas ta aro har yanzu ba a mayar ba, ana jiran a gama gwada ta mai ita.